Waya ta isa ta maye gurbin kwamfuta? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Aikina lissafin kuɗi ne da Excel, kuma kwamfutata ta tsufa. Ana ta cewa waya za ta kashe kasuwar kwamfuta. In sayi babbar waya da kibod in huta?

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawa. Ta fuskar ƙarfi, waya ta kamo kwamfuta. Tun 2020 Apple ya koma haɗa Mac da furosesa M1, mai tsarin ƙira na ARM, irin wanda furosesar wayoyi ke amfani da shi, a 2021 kuma ya saka ta a iPad Pro. Bambancin yana wajen babbar manhajar da ke juya na'urar. An gina Android da iOS ne don tattalin batir, shi ya sa suke dakatar da manhajar da ka bari a baya, wani lokaci ma su rufe ta idan RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da manhajoji ke aiki a ciki, ya cika. Windows da macOS da Linux kuwa suna barin aiki ya ci gaba har ya ƙare.

Ga inda zai shafe ka: Excel na waya yana buɗe fayil, yana lissafi, amma ba ya tafiyar da makro na VBA, wato ƙananan umarnin da ake rubutawa don Excel ya riƙa maimaita aiki da kansa. Idan fayilolinka sun dogara da su, magana ta ƙare, kwamfuta za ka saya. Ka nemi mai RAM 16GB da ma'ajiyar SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri. 8GB zai yi, sai dai zai matse ka nan da 'yan shekaru.

Idan kuwa aikin bai wuce wasiƙu da ƙananan jadawali ba, Samsung DeX, wani tsari a wasu wayoyin Samsung wanda ya fito a 2017 tare da Galaxy S8, yana mayar da waya kamar kwamfutar tebur idan ka jona ta da babban allo. Amma ka bincika kafin ka biya kuɗi: ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba, sai mai DisplayPort, wato fasahar tura hoto zuwa allo, kuma yawancin wayoyi masu araha ba su da shi. Mutane da yawa sai sun sayi kebul sannan su gane haka. Sannan galibi waya ba ta da fanka. Idan ta ɗau zafi sai ta rage gudu da kanta, aikin da ya fara da sauri ya koma jan ƙafa.

Tambaya: Kwamfutata Windows 10 ce, lafiyarta ƙalau. Dole sai na canza ta?

Amsa: Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10 na yau da kullum. Na'urar ba za ta mutu ba, amma ƙofofin da masu kutse ke ganowa za su riƙa zama a buɗe. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta tpm.msc. Idan ka ga TPM 2.0, wato guntun tsaro da Windows 11 ke buƙata, kuma furosesarka Intel ce ƙarni na 8 zuwa sama, za ta hau Windows 11. In ba ta cika sharaɗin ba, ka kwafe fayilolinka ka ɗora mata Ubuntu LTS, wani nau'in Linux mai samun sabuntawar tsaro na shekara 5. Gwada ta daga filasha tukuna, ka ga ko firinta da Wi-Fi suna aiki.

In sabuwa za ka saya, yi hattara da masu furosesa Snapdragon X da suka fito a 2024. Batirinsu yana daɗewa sosai, amma tsofaffin direbobin firinta (manhajojin da ke haɗa firinta da kwamfuta) da wasu wasanni ba sa aiki a kansu.

Tambaya: Ina da tsohuwar wayar Android. Tunda an ce Linux ce a cikinta, zan iya mayar da ita uwar garke (server, wato na'urar da ke ajiye fayiloli tana raba wa sauran na'urori) in ajiye fayilolin ofis?

Amsa: Gaskiya ne, a kan ƙwayar Linux aka gina Android, kuma Linux ce ke mulki a ɓangaren uwar garke, tun Nuwamba 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki. ARM ma ya shiga can, Amazon ya fito da furosesar uwar garke mai suna Graviton a 2018. Amma dangantaka ba ta sa waya ta dace da aikin ba. Uwar garke dare da rana take a kunne. Wayar da aka bari a caji wata da watanni batirinta yana iya kumbura, Android zai riƙa kashe manhajar da ke raba fayilolin idan allo ya mutu, ga shi tsohuwar waya ta riga ta daina samun sabuntawa. Ko Pixel 8 da Galaxy S24 da aka yi wa alkawarin sabuntawa na shekara 7 suna da ranar ƙarewa, balle wadda ta girme su.

Don koyo da wasa, bismillah, manhajar Termux, mai ba ka damar rubuta umarnin Linux a Android, za ta ba ka filin gwaji. Fayilolin ofis kam a'a. Sami ƙaramar kwamfuta ko Raspberry Pi 5 (wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu), ka jona ta da kebul na Ethernet, wato wayar haɗa na'urori da netwok, ka sa mata SSD maimakon katin ƙwaƙwalwa, domin kati yana saurin lalacewa da yawan rubutu. Ka kuma ajiye kwafi na biyu a wata ma'ajiya da ba ta jone da ita.