Basirar Ƙirƙira: Baiwa Ce Ko Koyonta Ake Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina son kafa sana'ar kaina, amma duk dabarar da ta zo mini sai in tarar wani ya riga ni. Na taɓa gwadawa sau ɗaya, jarin ya narke, tun daga nan nake ganin kamar ba ni da kan kasuwanci. Shin basirar ƙirƙira baiwa ce, ko koyonta ake yi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da na hango a wasiƙarka shi ne ka ɗauka sai ka zo da abin da ido bai taɓa gani ba kafin ka samu shiga, alhali da yawa daga waɗanda suka yi fice tsohon abu suka zuba wa ido har suka gano inda yake wahalar da jama'a.

Ka duba Malcom McLean, mai kamfanin motocin dakon kaya a Amurka. Abin da ya dame shi shi ne yadda mota ke shafe sa'o'i a tashar jiragen ruwa tana jira, 'yan dako suna sauke kaya ƙunshi-ƙunshi suna lodawa a jirgi ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 1956 jirginsa mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da kwantena 58, waɗanda aka ɗaga daga mota zuwa jirgi ba tare da an buɗe su ba. Jirgi da mota da akwati duk sun riga shi zuwa duniya, nasa shi ne haɗa su ta yadda jiran zai ragu. Irin wannan lura kuwa ana koyonta. Ka riƙe ɗan littafi na mako biyu, ka rubuta duk inda ka ji mai saye yana ƙorafi, ko ka ga ya juya hannu rabbana domin bai samu abin da ya zo nema ba.

Batun jarin da ya narke ya fi damuna, domin a nan ne zuciya ke karaya. Farfesa Saras Sarasvathy ta Jami'ar Virginia ta nazarci yadda gogaggun masu kafa kamfanoni ke yanke shawara, ta ga cewa kafin su lissafa ribar da suke hange, sukan fara tantance asarar da za su iya ɗauka ba tare da sun durƙushe ba. A ganina wannan ne ya kuɓuce maka a karon farko, ko da yake ba ka faɗi yadda abin ya faru ba.

Saboda haka ka zauna ka binciki waccan faɗuwar da idon basira: bashi ne ya cinye jarin, ko kaya ka tara kafin ka san mai saye? Idan ka samu amsar, ka ware kuɗin da ɓatansu ba zai hana ka barci ba, ka gwada dabara guda a kan mutum goma da za su biya da kuɗinsu, ban da 'yan'uwa da abokai, domin su kunya za ta sa su yaba.