Kada ka ajiye karatun waƙa saboda dishewar murya

Ƙanina, ka ce malaminka na yawan gaya maka kana zamewa daga kan sauti, muryarka kuma tana dishewa, har kana tunanin barin karatun. Dakata tukuna, duka biyun suna gyaruwa.

Zamewar nan sau da yawa daga numfashi take. Iska ce ke ƙare maka kafin ƙarshen baiti, sai sautin ya sauko. Ɗora hannu a cikinka, ja iska har cikin ya taso ba tare da kafaɗa ta motsa ba, sannan ka sake ta a hankali da "sss" kana ƙirga 15. Ka riƙa ƙarawa har ka kai 30. Ka naɗi muryarka a waya ka saurara, domin abin da kake ji a cikin kanka ba shi mutane ke ji ba.

Dishewa kuwa sau da yawa gajiya ce. Fara da "mmm" baki a rufe na minti 10 kafin ka ɗaga murya. Atisayen waƙa na minti 30 kullum ya fi na awa uku a rana ɗaya. Da hunturu ka yawaita shan ruwa, ƙura na busar da maƙogwaro.

In dishewar ta wuce mako biyu, je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro.