Tambayi Likita: Idan sinadarin ƙarfe ya yi wa jiki yawa

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana mai sikila an sha yi masa ƙarin jini, yanzu kuma an ce sinadarin ƙarfe ya taru masa. Ba shi ne ke ƙara jini ba? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Shi ne, amma da ƙa'ida. Babban mutum yana ɗauke da giram 3 zuwa 4 kacal, akasari a cikin jini. Kullum hanji kan tsotsi miligiram 1 zuwa 2 daga abinci, daidai abin da ke zubewa, kuma jiki ba shi da hanyar fitar da rara. Hanta ce mai gadin ƙofa: idan ƙarfe ya isa, sai ta ƙara sakin wani sinadari mai suna hefsidin, hanji ya rage tsotsa. To jinin leda ta jijiya yake shiga, mai gadi bai gan shi ba, kuma kowace leda tana kawo wajen miligiram 200 zuwa 250. Rarar ce ke kwanciya a hanta da zuciya tana yi musu illa a hankali.

Gwajin feritin, mai nuna yawan ƙarfen da jiki ya ajiye, shi ake fara yi, sai dai zazzaɓi ma yana ɗaga shi, don haka a maimaita idan yaron ya ji sauƙi. Akwai magani irin su deferasirox mai janye ƙarfen, bisa kulawar likitansa. Don Allah kada ki saya masa maganin ƙarin jini a kemis. Ina ganin iyaye na yin haka da kyakkyawar niyya, amma yawancin waɗannan magunguna ƙarfe ne a cikinsu. Folik asid da ake ba shi daban ne, ya ci gaba da sha.

Tambaya: Likita, ana gadon wannan cuta ne? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Akwai ta gado, himokuromatosis. A 1996 aka gano ƙwayar halittar HFE da ta fi haddasa ta. Wanda ya gaji tawayar daga uwa da uba, hantarsa ba ta sakin isasshen hefsidin, hanji ya yi ta tsotsa shekara da shekaru. Ta fi kama Turawan arewacin Turai, musamman mutanen ƙasar Ayalan, a wajenmu kuwa da wuya a gan ta. Takan bayyana bayan shekara 40 da kasala, ciwon gaɓoɓin yatsu, duhun fata, ciwon suga ko raunin mazakuta. A wajen mata takan jinkirta bayyana saboda jinin al'ada. Maganinta ɗibar jini, kusan rabin lita a mako har feritin ya sauka.

Tambaya: Ƙaho ba zai wadatar ba? Daga wani bawan Allah a Sakkwato.

Amsa: A'a Malam. Jinin da wanzami ke fitarwa kaɗan ne, ba a kuma auna shi. Mai sikila kuwa, da ma jinin bai ishe shi ba, kada a yi masa.