Tambaya da Amsa: Yaya za mu tattara tarihi da al'adunmu alhali ba mu da mai ɗaukar nauyi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Gadarif da ke ƙasar Sudan. Tun da yaƙi ya koro 'yan'uwanmu daga Madani da yankin Sinnar, gidajenmu suka cika da dattawan da suka san labarin zuwan kakanninmu Hausawa ƙasar nan. Mu matasa muna son kafa shirin tattara labaransu da waƙoƙinsu, mu riƙa gabatar da su ga jama'a, amma wasu manyanmu suna cewa mai jin yunwa ba ya zancen tarihi, wasu kuma suna cewa mu jira gwamnati ko wata ƙungiyar waje ta ba da kuɗi. Wace shawara za ka ba mu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri a kan wannan niyya. Manyanku da suka kawo zancen yunwa suna da gaskiya, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma bai dace ko kwabo ɗaya daga kuɗin da ake dafa wa 'yan gudun hijira abinci ya koma sayen na'urar ɗaukar murya ba. Sai dai aikin da kuka ɗauko ba kuɗi ya fi ci ba, lokaci yake ci, lokacin kuwa shi ne dattawan nan ba su da shi da yawa. Saboda haka shawarar a jira gwamnati ko wata ƙungiya ita ce ban yarda da ita ba.

Abin da ya faru da manyan ma'ajiyan ƙasar nan ya isa hujja. Bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilun 2023, an ƙone ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman, an kuma wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Hartum. Ma'ajiyar takardun ƙasa da Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Hartum, cibiyar da aka kafa a 1972 kuma ta daɗe tana tara adabin baka na al'ummomin Sudan, duk suna yankin da aka yi ta gwabza faɗa. Abin da hankali ya fi kwanciya a kansa a yau shi ne wanda aka riga aka ɗauki hotonsa aka ajiye kwafinsa a wani wuri, irin aikin da shirin Sudan Memory ya yi tun kafin yaƙi. Ko bayan an samu zaman lafiya, ruwa da wuta da asibiti ne za su sha gaban hukuma, tarihin Hausawan Sudan kuwa dama bai taɓa zama a sahun gaba na kasafin kowace ma'aikata ba.

Ya kamata ku san abin da kuke nema tun kafin ku kunna waya. Babban labarin an riga an rubuta shi: yadda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, da yadda noman auduga a Jazira, bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, ya riƙe ɗimbin maniyyatan da suka tsaya neman guzurin Makka. Masana irin su Farfesa Al-Amin Abu Manga sun yi rubutu mai yawa a kan harshe da zaman waɗannan jama'a. Wanda ba a rubuta ba shi ne labarin gida-gida: ta wace hanya kakar wance ta biyo, a wane gari aka binne mijinta a kan hanya, wace waƙa ake yi wa amarya a daren lalle a Kassala wadda ba a yi a Damazin, wane ne ya fara sayar da agashe a kasuwar unguwarku kuma wa ya koya masa haɗin yajin. Muna jin muryar mawaƙiya A'isha Falatiyya har yau ne saboda gidan rediyon Umdurman ya buɗe mata ƙofa tun a shekarun 1940, amma matan da suka yi waƙar niƙa da ta daka a zamaninta ba wanda ya ɗauki tasu.

Wayar hannu ta isa wannan aiki. A zauna da tsoho ko tsohuwa a ɗakin da babu ƙarar janareta, a ajiye wayar a kan matashi kusa da bakin mai magana, a fara da faɗin kwanan wata da sunan gari da sunan wanda ake hira da shi, sannan a nemi izininsa a cikin ɗaukar ita kanta. Kada a ce masa ya ba da tarihin Hausawa, domin zai maimaita abin da ya ji a wa'azi ko a rediyo ne. A tambaye shi abin da ya gani da idonsa, kamar gonar da ya fara aiki a cikinta da malamin da ya yi masa saukar Alƙur'ani. Hira da mata kuma mata ne za su yi ta, don akwai waƙoƙi da habaici da tsohuwa ba za ta taɓa furtawa a gaban ɗan ƙanenta ba, ko da kuwa shi ne shugaban ƙungiya. Idan ta yi shiru a bar ta, kada a cike mata gurbin da wata tambaya.

Takardun ajami da wasiƙu da ke cikin gafakar malamai suna bukatar wani ladabi na daban. Kada ku karɓe su da sunan za ku adana. A ɗauki hoton kowane shafi a inuwa, bi da bi yadda aka same su, a mayar wa mai su a take, kuma kada a liƙa musu salatif ko a rufe su da leda mai zafi, don hakan yana lalata takarda. Duk abin da aka ɗauka, murya ko hoto, a yi masa kwafi uku: ɗaya wurin iyalin da suka bayar, ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya kuma wurin wani amintacce a wajen ƙasa, ko a Jidda ko a Kano. In za a tura hoto ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta yau da kullum tana rage masa kyau har rubutu ya gagara karantuwa.

Tattarawa kaɗai ba ta mai da aikin ya zama na jama'a, sai an komar musu da abin da aka karɓa daga gare su. Ku sa rana ɗaya a wata, bayan la'asar, a harabar makarantar allo ko a kulob ɗin unguwa, a shimfiɗa tabarmi, a dafa shayi, a kunna minti goma na wata hira da lasifika, sannan a bar mutane su yi gyara da ƙari. A nan ne za ku ga wani dattijo ya miƙe ya ce ba a wannan shekara aka yi ambaliyar ba, wata kuma ta ƙarasa baitin da mai waƙar ta manta. Wannan gardama ita ce ribar zaman, kuma ita ma a ɗauke ta. Tun da yaran birni da yawa sun fi sakin jiki da Larabci, a samu mai fassara musu a taƙaice, kada a mai da wurin dandalin kunyata wanda Hausarsa ta yi rauni. Ina kuma ba da shawara ku gayyaci maƙwabtanku na sauran ƙabilu tun daga zaman farko. Rikicin da ya ɓarke a jihar Blue Nile a watan Yulin 2022 ya taso ne daga jayayya kan ƙasa da sarauta, ya kuma nuna yadda zancen wa ya riga wa zuwa ke iya zama makami. Shirin al'adu da aka ga ya koma tattara hujjar mallakar ƙasa zai rasa amincewar maƙwabta, ya kuma jawo idon hukuma.

Kuɗin da ake bukata na katin ajiya ne da cajin waya da kuɗin mota da sukari da ganyen shayi, da ɗan goron da za a kai wa dattijo don girmamawa. Asusu irin na adashi ya isa ya ɗauki wannan, kowane memba ya riƙa zuba abin da ba zai dame shi ba a kowane wata. 'Yan'uwa mazauna Saudiyya sukan taimaka, amma sun fi sakin hannu idan an ce musu ga takamaiman abin da za a saya, sannan aka tura musu muryar kakarsu suka ji. A raba mai riƙe kuɗi da mai shugabanci, a kuma karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a a ƙarshen kowane zama.

Tallafin waje yana nan, sai dai an fi ba wa wanda ya riga ya fara. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ba na kayan tarihi ba, wadda Sudan ta amince da ita a 2008, ta tanadi cewa a sa al'ummomi cikin aikin tantance al'adunsu, kuma a ƙarƙashinta ne aka sa bikin Maulidi na Sudan cikin jerin al'adun duniya a 2023. Saboda haka ƙungiyar da ke da jerin hirarraki a rubuce tana da abin da za ta nuna wa hukumar al'adu ta jiha. Akwai kuma shirin ceto takardun da ke fuskantar barazana na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ke aiki tun 2004, yana ba da kuɗin ɗaukar hoton tsofaffin takardu. Sharaɗinsa shi ne takardun asali su zauna a ƙasarsu, kwafin kuwa a sa shi a intanet kowa ya gani kyauta. Wannan sharaɗi na biyu sai an yi wa iyalai bayaninsa filla-filla kafin a cika kowace takardar neman tallafi, domin a cikin gafaka ɗaya ana iya samun waƙar wa'azi da kowa zai so a yaɗa, tare da laƙani ko wasiƙar rabon gado da masu ita ba za su yarda baƙo ya karanta ba.