Sabarmu ta nuna "Degraded", mai gyara ya ce RAID ta isa bakof

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni nake kula da kwamfutocin wani asibiti mai zaman kansa a Kano. Sabarmu Dell PowerEdge ce, da faifai 4 masu terabait 4 kowanne a kan RAID 5, wato tsarin haɗa faifai da yawa su yi aiki a matsayin rukuni ɗaya. Tun shekaranjiya fitilar faifai ɗaya take ƙyafta ruwan lemo, iDRAC kuma, tsarin Dell mai sa ido kan lafiyar sabar, yana rubuta "Degraded". Wanda ya haɗa mana ita ya ce kada in damu, RAID ai ita ce bakof, wato kwafin ajiya na bayanai, in zare faifan in mayar kawai. Bayanan marasa lafiya duk suna ciki, hankalina ya tashi. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka zare komai tukuna.

"Degraded" na nufin rukunin ya riga ya rasa faifai ɗaya, kwantirola, na'urar da ke tafiyar da rukunin, tana lissafo rabonsa daga sauran ukun duk lokacin da aka nemi bayani. RAID 5 rashin faifai ɗaya tak take jurewa, don haka kariyarka ta ƙare tun shekaranjiya. In na biyu ya bi shi, shi ke nan, rukunin ya rushe. Wannan daban yake da "Predictive Failure", inda faifan yana raye amma ya fara nuna alamun ciwo. A PowerEdge fitila ma tana bambancewa: ƙyaftawar ruwan lemo sau 4 a daƙiƙa mutuwa ce, kore sannan ruwan lemo sannan ɗaukewa gargaɗi ne.

Aikin farko, yau ɗin nan, shi ne kwashe bayanan zuwa wani faifai na waje, ka fara da rumbun bayanan marasa lafiya, ka kuma buɗe kwafin a wata kwamfuta ka ga yana aiki. Sai bayan nan za a yi maganar sauya faifai. Dalili kuwa, sake gini, wanda za ka ga an rubuta "Rebuild", shi ne lokaci mafi haɗari. Dole kwantirola ta karanta faifan nan uku kaf, terabait 12 ke nan. Faifai mai terabait 4 a gudun megabait 100 a daƙiƙa yana cin kusan awa 11, in ma babu mai aiki a kan sabar. Kuma faifan gama-gari nau'in SATA, bisa ƙiyasin masu ƙera su, suna iya cin karo da gurbin da ba ya karantuwa sau ɗaya a cikin kusan terabait 12.5. Ka ga yadda lissafin ya matse. Ga shi galibi rana ɗaya aka sayo su, tare suka tsufa.

Wajen sauyawa, ka sa iDRAC ya ƙyafta fitilar faifan da ya mutu da umarnin "Blink", don zare lafiyayye bisa kuskure ya kashe saba da yawa. Sabon ya zama irin tsohon, SAS da SAS ko SATA da SATA, girmansa kada ya gaza na tsohon. In na hannu ne ya nuna "Foreign", wato yana ɗauke da tsarin wani rukuni daban, shi kaɗai za ka yi wa "Clear". In kuwa faifan rukuninka ne suka nuna haka, ka ɗauke hannunka, kuma kada kowa ya danna "Initialize", umarnin da ke goge rukunin. Ka duba batirin kwantirola, ka tabbatar UPS tana riƙe wuta kuma akwai mai a janareta kafin ka fara.

Yanzu ga maganar mai gyaranka, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai. RAID ba bakof ba ce, ba ta taɓa zama ba. Babban aikinta shi ne: saba ta ci gaba da aiki idan faifai ya mutu. Duk abin da aka rubuta, nan take take rarraba shi ga dukan faifan, mai kyau da maras kyau. Ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, ya gogu ko'ina a daƙiƙa guda. Manhajar 'yan garkuwa da bayanai ta kulle rumbun, RAID za ta adana kullallen da aminci. Kwantirola ta haukace ta rubuta shirme, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona akwatin, ruwan sama ya zubo ta silin, ɓarawo ya ɗauke sabar da kanta: a cikin waɗannan wanne RAID ta hana? Ko ɗaya. Ba ta san jiya ba, yanzu kawai ta sani. Mai cewa ta isa bakof, ko dai bai san aikin ba, ko ya fi son a kira shi ranar da komai ya lalace ya yanka kuɗi. Haka masu cewa "snapshot", wato hoton halin da saba take ciki a wani lokaci, na manhajar VMware ko Hyper-V ya wadatar: yana zaune a kan faifan nan dai, tare za su tafi.

Abin takaici, shugabannin ma'aikatu suna son jin wannan ƙaryar domin tana rage musu kashe kuɗi. Za a sa hannu a sayi saba ta miliyoyi, amma takardar sayen faifan bakof ta yi watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur. Bayanan marasa lafiya amana ce, Malam, kuma ranar da suka salwanta kai za a fara tuhuma. Ka rubuta wa shugabanninka a takarda, ka riƙe kwafi.

Ƙa'idar da za ka nema ita ce 3-2-1: kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya a wajen ginin, kuma a samu wanda ba ya jone da netwok. Kowane wata ka dawo da wani abu daga ciki don gwaji. Idan ƙura ta lafa, ka sa faifan jiran ko-ta-kwana, wato "Hot Spare", ka kuma shirya komawa RAID 6 mai jure rashin faifai 2, ko RAID 10 in rumbun bayanan yana buƙatar gudu. Sannan ka saita iDRAC ya riƙa turo maka imel da zarar faifai ya fara ciwo.