HP ɗina ta ishe ni: in koma Dell ko MacBook?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Kwamfutata HP ce, yanzu zafi take yi sosai, batir ba ya jimawa, ga nawa wajen buɗewa. Lissafin shagona da hada-hadar banki duk a kanta nake yi. An ce min HP ba ta da ƙarko. Wani mai shago ya nuna min Dell Core i7 ta hannu da araha, ɗana kuma ya dage sai MacBook. Ina tsoron zuba kuɗi in yi asara. Daga wata 'yar kasuwa a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin ki yanke wa HP hukunci, a buɗe ta a share ƙurar hunturun da ta toshe fanka, a sake man sanyaya da ke kan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), a sa sabon batir. In har tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, a sauya shi da SSD, ma'adanar bayanai mai sauri wadda ba ta juyawa. Sau da yawa nan cutar take ƙarewa.

Shi sunan kamfani kuwa, kada ya ruɗe ki. HP da Dell da Lenovo galibi Intel ko AMD ke yi musu furosesa, kuma kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal ne ke harhaɗa da yawa daga cikinsu. Bambancin yana wajen aji. Kowane kamfani yana da na gida masu jikin roba, irin Pavilion ta HP da Inspiron ta Dell da IdeaPad ta Lenovo, yana kuma da na ofis masu jure wahala: EliteBook ta HP, Latitude ta Dell, ThinkPad ta Lenovo. Wadda ta bar Pavilion ta koma Inspiron, tambari kawai ta sauya.

Abin da ya tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne wannan "Core i7 da araha". Kullum sai an kawo min irinta, mai ita yana ta murna ya yi tsintuwa. Hajiya, i7 sunan ajin furosesa ne, kuma tun 2008 Intel ke fitar da shi. A ce miki i7 a yi shiru, kamar a ce miki Corolla ce ba a faɗi shekarar ƙira ba. Ki dubi lambar da ke bin sunan. i7-3520M zubi na 3 ne, na 2012, ƙwayar aiki (core, wato sassan da ke raba aikin) 2 gare shi. i5-8250U zubi na 8 ne, na 2017, ƙwayarsa 4, kuma ya yi wa wancan fintinƙau duk da sunansa i5. Masu sayarwa sun san haka sarai, shi ya sa sitika suke nuna miki, ita kuwa sitika ko yaron shago yana iya liƙa ta.

Da a gudu kaɗai matsalar ta tsaya da sauƙi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 da sabuntawar tsaro a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai waɗanda suka shiga shirinta na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 3000 zuwa sama a laptop mai furosesan AMD. Ke da kike shiga asusun banki, kwamfutar da ba a toshe mata ƙofofin kutse ba ta dace da ke ba. Sai wani gyara-kasa ya ce, "Ai na sa mata Windows 11, ga ta nan tana yi." E, akwai dabarar tsallake sharaɗin, amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba. Galibi ma kwafin sata yake ɗorawa, ya kashe Defender, manhajar tsaron Windows, don manhajar fasa lasisi ta zauna, ya miƙo miki yana cewa "an gama". Ranar da kuɗi suka yi ɓatan dabo kuma ba za ki gan shi ba.

MacBook na da kyau, musamman daga mai furosesan M1 ta 2020 zuwa yau: batir na jimawa, zafi kaɗan. Sai dai ba a ƙara mata RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) bayan saye, gyaranta akwai tsada, kuma manhajar lissafin da aka yi wa Windows kaɗai ba za ta hau kai tsaye ba. In ta hannu ce, mai ita ya fita daga iCloud, wato asusunsa na Apple, a gabanki; kada ki saurari "za a yi mata filashin".

Ni dai da za ki ji shawarata, in gyaran bai biya ba, ki nemi Latitude ko ThinkPad ko EliteBook, zubi na 8 ko sama, RAM 8GB aƙalla, da SSD. A shagon ki sa a buɗe Settings, System, About, ki karanta lambar furosesan da idonki. A buga umarnin powercfg /batteryreport a Command Prompt a ga ragowar ƙarfin batir, a kuma shiga BIOS, saitin da ake shiga lokacin kunnawa, a tabbatar babu kalmar sirri a kai kafin ki biya.