Amsa ga mai shirin doguwar tafiya da a-kori-kura

Ɗan'uwa, ka ce motarka a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, injin dizal, za ka yi tafiyar kilomita 1,200 da iyali da kaya, kana tambayar abin da ya kamata ka duba. Injin ba shi ne abin tsoro ba in ana yi masa sabis a kan kari. Inda ake samun matsala shi ne lodi da taya.

An ƙera bayan motar nan don ɗaukar nauyi, shi ya sa sifirin ɗin baya yake da tauri. In bodi ba kowa ba komai, baya zai yi ta tsalle a kan gargada, kuma da yake tayoyin baya ne ke tura motar, a jiƙaƙƙiyar kwalta sai ta kaɗa gindi a kwana. In kuma ka cika ta fiye da kima, gaba ya yi sama, sitiyari ya yi sakayau, birki ya ƙi kamawa da wuri. Irin su Hilux nauyin da aka yarda su ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, kuma har da ku mutanen da ke ciki a lissafin. Manya biyar kaɗai sun cinye kusan kilo 350. Kaya masu nauyi a jera su can gaban bodi, jingine da bayan kan motar, kada su zarce aksul zuwa ƙofar baya. Ka ɗaure da bel mai ƙarfen ɗamewa, igiya tana saki. Bayan kilomita 40 na farko tsaya ka ƙara ɗamewa, don kaya sun zauna. Tamfol ma a ɗame shi, in yana kaɗawa iska za ta yage shi.

Taya kuwa, auna iska da safe tun ba ta ɗau zafi ba. Akwai takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba mai nuna awo biyu, na mota ba kaya da na cikakken lodi. Bi na biyun. Ƙarancin iska ke sa gefen taya ya yi ta lanƙwashewa har ya yi zafi ya fashe, ba yawanta ba kamar yadda wasu ke zato. Don sanin shekarun taya, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefenta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23, shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida a yi hattara da ita ko da zanenta bai cinye ba. Safaya tana ƙarƙashin bodi, rataye da sarƙa. Sauke ta a gida, ka sa wa abin murɗawar giris, ka auna iskarta. Tsatsa kan kama wurin, ba a ganewa sai ranar buƙata. Ka tafi da jak, sifanan taya da guntun katako mai kauri na ɗora jak a ƙasa mai laushi. In ka sauya taya a hanya, sake ɗaure notuna bayan kilomita 50.

Kada ka sa 4H, wato giyar da ke sa duka tayoyi huɗu su ja motar, a busasshiyar kwalta. Yawancin motocin nan ba su da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, sai furofela ta yi ta murɗuwa, giya da taya su ci wuya. A bar ta a 2H, inda tayoyin baya kaɗai ke turawa, sai an shiga yashi ko taɓo.

Bakin mai, ruwan lagireto da fambel, dubawa ce ta minti biyar. Tsiyaye ruwan da ya taru a filtar dizal, ka riƙe sabuwa guda. In injinka na Toyota ne samfurin 2KD ko 1KD, ana sauya taimin bel a kilomita 150,000. Man birki yana shan danshi, in ya shekara biyu a zubar a zuba sabo.

A doguwar gangara da lodi, sauko zuwa giya ta uku ko ta biyu, injin ya riƙe motar. Ɗora ƙafa kan birki tun daga sama shi ke ƙona shi, ka taka ka ji fanko. Kujerar baya a miƙe take, tana gajiyar da mutane, don haka duk awa biyu ku tsaya. Kafin ka zauna, zagaya ka kai bayan hannu kusa da kowace taya. Wadda ta fi saura zafi, ko dai birki ne ya riƙe ko boris ya fara mutuwa.